Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba: Ra'ayinmu a Kan Masu Yawon Wasan Waƙa

Wata ranar Laraba da yamma a zangon karatu na biyu, muna zaune a gindin darbejiyar da 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo suka saba taruwa, sai malamin da ke kula da mu ya fito da wayarsa ya ce mu matso mu ga wani abu. Muka ga wata mata cikin doguwar riga tana tsaye gaban taron jama'a, makaɗa masu yawa suna zaune a bayanta. Ta buɗe baki ta saki wata murya mai tsawo kamar ba za ta ƙare ba. Wani ɗan aji ɗaya ya ce, "Malam, wa ya mutu?" Duka muka fashe da dariya.

Malam ya bari muka gama, sa'an nan ya ba mu labarin. Ya ce matar tana wasa ne a matsayin Aida, 'yar sarkin Habasha wadda aka kamo a yaƙi aka mai da ita baiwa a fadar Masar. A can ta kamu da son jarumin da aka naɗa ya ja rundunar Masar zuwa yaƙi, kuma wanda zai je ya yaƙa ɗin nan mahaifinta ne. In ta roƙa wa masoyinta nasara, ta roƙa wa ubanta mutuwa ke nan. In ta roƙa wa ubanta, ta rasa masoyi. Da ya gama sai ya sake kunna waƙar. Harshen bai sake ba, har yanzu Italiyanci ne, ba mu ji ko kalma ɗaya ba. Amma a wannan karo babu wanda ya yi dariya, har wata 'yar aji uku ta sunkuyar da kai.

Abin da ya faru a gindin darbejiyar nan shi ne dalilin wannan rubutu. Kowace shekara idan ranar rabon kyaututtuka ta matso, akan ware kuɗi domin nishaɗin baƙi, kuma galibi hayar lasifika da janareta ke cinye su. A bana wasu sun kawo shawara a riƙa gayyato ƙungiyar 'yan wasa masu yawo gari-gari, irin waɗanda ke zaɓo wurare mafi daɗi daga manyan wasannin waƙa su yi su a gaban jama'a. Wasu iyaye da wasu malamai ba su yarda ba, kuma dalilansu ba na banza ba ne. Mu dai muna goyon bayan a gayyato su, amma da sharuɗɗa, kuma da wata niyya da ta wuce kallo.

Bari mu fara da bayyana abin da ake magana a kai. Opera wasan kwaikwayo ne wanda ake rera shi da waƙa, watau maimakon ɗan wasa ya yi magana sai ya rera, makaɗa suna raka shi. An fara shi a ƙasar Italiya wajen shekarar 1600, kuma ɗaya daga cikin na farko da har yau ake yi shi ne L'Orfeo na Claudio Monteverdi, wanda aka nuna a 1607. Da fari abin sarakuna da attajirai ne, sai a 1637 aka buɗe gidan wasa a birnin Venice inda duk mai kuɗin tikiti zai iya shiga. Wasan Aida da muka ambata Giuseppe Verdi ne ya tsara shi, kuma a nahiyarmu aka fara nuna shi, a birnin Alƙahira a 1871. Mawaƙan wannan fanni suna shafe shekaru suna koyon sarrafa numfashi domin muryarsu ta cika babban ɗaki ba tare da makirufo ba. Abin da ɗan'uwanmu ya ɗauka kururuwa ce, horo ne na shekaru.

Cikakken wasa irin wannan yakan kai awa uku, yana bukatar makaɗa da yawa da kayan ado da babban dandamali. Ba kowane gari ke iya ɗaukar wannan nauyi ba. Shi ya sa aka ƙirƙiro dabarar tsakure: mawaƙa kaɗan su shiga mota da mai kaɗa piyano ɗaya, su je ƙananan garuruwa da makarantu su rera waƙoƙin da suka fi shahara. Ta hanyar tsakure ne ma mutane da yawa a duniya suka san opera. Iyayenmu masu son ƙwallo za su tuna gasar cin kofin duniya ta 1990 a Italiya, lokacin da Luciano Pavarotti da Plácido Domingo da José Carreras suka yi waƙa tare a birnin Rum a jajiberin wasan ƙarshe. Ba cikakken wasa suka yi ba, zaɓaɓɓun waƙoƙi ne, amma miliyoyin mutanen da ba su taɓa shiga gidan opera ba sun kalle su a talabijin.

To, mai karatu zai ce wannan duk labarin Turai ne, me ya haɗa shi da Kiru? Amsar ita ce Nijeriya ma ta yi nata, kuma ya zo har Kano. Hubert Ogunde, wanda aka haifa a Ososa a 1916, ɗan sanda ne kuma mai tsara waƙoƙi. A 1944 wata ikkilisiya a Legas ta nemi ya shirya mata wasa domin tara kuɗin gini, sai ya ɗauki labarin gonar Adnin ya mai da shi wasan waƙa da harshen Yarabanci, aka nuna shi a zauren Glover. Jama'a suka karɓe shi hannu biyu. Ba a daɗe ba ya ajiye kakin ɗan sanda ya kafa ƙungiyarsa, ya shiga yawon ƙasa da 'yan wasa da ganguna. A lokacin ana kiran irin wasanninsa opera ta gida, domin waƙa ce ke ɗauke da labarin.

Daga labaran Littafi Mai Tsarki sai ya koma kan abin da ke damun talakawa. Bayan babban yajin aikin ma'aikata na 1945 ya yi wasan Strike and Hunger, wanda ya jawo masa rigima da 'yan sanda a Jos a 1946. A ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe masu haƙar kwal 21 a Iva Valley da ke Enugu, sai ya tsara wasan Bread and Bullet a kan wannan kisa. Da ya kawo shi Kano a 1951, hukuma ta hana a nuna shi. Mu lura da wannan da kyau. Gwamnatin da ke da bindiga da kurkuku ta ji tsoron mutanen da ba su da komai sai ganga da murya. Wanda ya ce wasan waƙa shashanci ne kawai, Turawan mulki ba su yarda da shi ba.

Akwai kuma Duro Ladipo na Osogbo, ɗan gidan ma'aikacin ikkilisiya. Wajen 1960 ya shigar da gangunan gargajiya cikin waƙoƙin Ista a majami'arsu, manya suka ƙi abin, sai ya fita da fasaharsa waje. Wasansa Oba Koso ya kai shi har bikin fasaha na Berlin a 1964. A wannan shekara ta 1964 ɗin kuma, ɗaliban Jami'ar Ibadan suka zaga garuruwan Nijeriya da babbar mota wadda ake buɗe ta ta zama dandamali, suna nuna tsakure daga wasannin Shakespeare domin cikarsa shekara 400 da haihuwa. A nan kusa da mu, malamai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun fita daga harabar jami'a a 1977 suka kai Wasan Manoma ƙauyukan Soba, da Hausa, a kan matsalolin noma. Ashe yawon wasa zuwa ƙananan garuruwa tsohon abu ne a ƙasar nan.

Abin da ke damunmu shi ne, mu nan kudancin Kano mun zama mutanen bakin hanya. Titin Kano zuwa Zariya ya ratsa Kwanar Dangora, hanyar Jos kuma ta bi ta Tudun Wada da dajin Falgore. Motoci suna wucewa dare da rana, ana tsayawa a sayi rake da masara da shinkafa a yi gaba. Abin kallo mai daraja kuwa sai birni. Ɗalibin da ya taso a Kiru ko Bebeji ko Doguwa zai iya gama sakandare bai taɓa zama a gaban ƙwararren ɗan wasa yana aikinsa ido da ido ba. Duk abin da ya sani a gilashin waya ya gan shi. Waya kuwa, ko da ta nuna maka mawaƙi, ba za ta sa ka ji yadda muryar ɗan Adam take girgiza benci ba, kuma ba za ka iya ɗaga hannu ka tambaye ta yaya aka yi ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Yanzu bari mu saurari masu ƙin wannan shawara, domin iyayenmu ne da malamanmu, kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Na farko suna cewa kuɗi. Gaskiya ne, makarantar da ke fama da gyaran rufin aji ba ta da rarar da za ta watsar. Amma ba sabon kuɗi muke roƙo ba. Abin da ake kashewa a kan lasifikar da ke hana mutum jin maganar na kusa da shi muke so a karkatar. In makarantu uku ko huɗu na yankin suka haɗa kai, baƙi suka yi kwana ɗaya a kowace, kuɗin mota zai rabu, masauki da abinci kuwa ba su taɓa gagarar mutanenmu ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu suna cewa tarbiyya. A nan ma suna da hujja. Wasu daga cikin shahararrun wasannin nan cike suke da kishi da cin amana da kisa. Carmen na Georges Bizet, wanda aka fara nunawa a Paris a 1875, yana ƙarewa ne da saurayi ya kashe budurwar da ta guje shi. Ba kowace waƙa da ba kowace shiga ce ta dace da filin makarantarmu ba. Amma amfanin tsakure ke nan, ana iya zaɓe. Shugaban makaranta da dattawa suna da ikon ganin jerin waƙoƙin tun kafin ranar, su ce wannan ta yi, waccan a ajiye ta. Kuma kada mu manta, labarin da ya nuna mugunta ba lalle ne yana koyar da ita ba. Labarin Yusufu akwai 'yan'uwa masu sayar da ɗan'uwansu a ciki, amma ba wanda ya ce a daina karanta shi.

Na uku suna cewa jarrabawa na tafe, ba lokacin wasa ba ne. Mu da muke cikin ƙungiyar wasa mun san abin da ta ƙara mana. Wanda ya haddace shafi goma na wasa ba ya jin tsoron haddace darasi, wanda ya taɓa tsayawa gaban mutum ɗari biyu kuma ba ya rawar murya a gaban mai yi masa tambayoyin neman aiki. Yini ɗaya a shekara ba zai kayar da wanda ya yi karatu ba.

Hujja ta huɗu ita ce ta fi nauyi, kuma daga bakin wani malaminmu na Hausa muka ji ta. Ya ce tsakure ruɗi ne. Kamar mutum ne ya tsame naman miya ya ba ka, ka tafi kana cewa ka ci tuwon gidan. Waƙar da aka ciro daga labarinta, da harshen da ba ka ji, ba abin da za ta bar maka sai mamakin ƙarfin maƙogwaro. Ya ƙara da cewa akwai haɗarin yaranmu su tashi da tunanin cewa abin kirki sai wanda ya zo daga nesa, su raina kalangu da gurmi. Mun yarda da rabin maganarsa, shi ya sa muke da sharuɗɗa.

Sharaɗi na farko, kafin kowace waƙa a sami wanda zai tsaya ya ba da labarinta da Hausa, wa ke magana, da wa yake yi, me ya sa zuciyarsa ta ƙuna. Minti biyu sun isa. Mun ga da idonmu bambancin da wannan ya yi a gindin darbejiya. In baƙin ba su jin Hausa, ɗalibanmu za su yi wannan aiki, su karɓi labaran tun da wuri su shirya.

Na biyu, a yi wasan da rana a fili, a buɗe ƙofa ga mutanen gari, Kirista da Musulmi, a kuma sanar da mai gari da hukuma yadda ya kamata. Kuɗin shiga kada ya fi ƙarfin manomi. Yin sa da rana zai sa mata da yara su samu zuwa, kowa kuma ya koma gida kafin duhu.

Na uku, kada baƙi su rera su shiga mota. Su ba mu safiya ɗaya su koya wa 'yan ƙungiyar mawaƙa da 'yan wasa yadda ake numfashi, yadda ake tsayuwa, yadda ake jefa murya zuwa bencin ƙarshe ba tare da an shaƙe ba.

Na huɗu, mu ma a ba mu fage. Bayan sun yi nasu, mu yi namu su gani. Baƙon da ya zo ya tafi bai ji muryar masu gida ba, bai san inda ya je ba.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne zuciyar maganarmu. Mu ba baƙin labari mai waƙa ba ne. Tatsuniyoyin da kakanninmu suka yi mana da dare, idan labari ya kai inda ya fi zafi, ai waƙa marainiya take ɓarkewa da ita. 'Yan tashe a watan azumi suna haɗa kwaikwayo da waƙa da kiɗa a ƙofar kowane gida. Matan zumunta suna ba da labarin Littafi Mai Tsarki daga farko har ƙarshe da tulu da gora, ɗaya tana bayarwa saura suna amshi. A wasan Kirsimati da muke yi kowace shekara, makiyaya da mala'iku rerawa suke yi. Ko finafinan Hausa, waɗanda ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta buɗe wa hanya a Kano da Turmin Danya a 1990, sun nuna cewa mutanenmu suna son labari da waƙa a haɗe. Kayan aikin duk suna nan a gida. Abin da muka rasa shi ne mai ɗinke su su zama babban wasa guda, da kuma ganin yadda wasu suka ɗinke nasu.

Wasu 'yan Afirka sun riga sun nuna hanya. A Afirka ta Kudu an mai da Carmen fim da harshen Xhosa, aka sa labarin a unguwar talakawa ta Khayelitsha, ya kuma ci babbar kyautar bikin finafinai na Berlin a 2005. Ƙungiyar Isango ta birnin Cape Town ta ɗauki wasan sarewar sihiri na Mozart ta kaɗa shi da marimba da ganguna a maimakon kayan kiɗan Turawa, ta ci kyautar Olivier a Landan a 2008. A Bamako kuwa, a 2007, aka nuna Bintou Wéré, opera ta yankin Sahel, a kan matasan da ke ratsa hamada domin zuwa Turai, da kayan kiɗan Afirka ta Yamma. Dukansu sun kalli na baƙo da kyau, suka koyi dabarar, suka zuba nasu a ciki. Haka Ogunde ya yi. Zanen aro ba ya rufe katara, amma wanda ya duba saƙar wani da idon basira yana iya saƙa nasa.

Saboda haka ga alkawarin da mu 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo muke yi a wannan shafi, domin a riƙe mu da shi. Ko baƙi sun zo ko ba su zo ba, za mu haɗa kai da ƙungiyar mawaƙa mu shirya wasan waƙa na minti arba'in da Hausa. Labarai ba su ƙare mana ba. Ga Yusufu da 'yan'uwansa, wanda maƙwabtanmu Musulmi ma suka sani sarai. Ga Rut tana kala a gonar Bo'aza, abin da duk wanda ya ga kaka a ƙasar nan zai gane. Ga kuma namu na yau: yarinyar da aka cire daga aji biyu domin aure, saurayin da ya tafi cin rani bai dawo ba, manomi da makiyayin da suka yi shekara ashirin suna gaisawa kafin saniya ɗaya ta shiga gona. Idan an gama girbi, hanya ta bushe, muna so a ba mu izini da mota mu kai shi Yako da Kofa da Bebeji da Tudun Wada. A nan ne za mu gane ko mun koyi wani abu, domin 'yan kallon ƙauye ba sa ɓoye ra'ayinsu.

Muna roƙon shugaban makaranta da hukumar gudanarwa su duba wannan shawara kafin a tsara kasafin baɗi. Muna roƙon tsofaffin ɗalibanmu da ke jami'o'i a Zariya da Kano da Jos, waɗanda suka san masu irin wannan sana'a, su zama tsani tsakaninmu da su. Iyayenmu kuma muna roƙonku ku zo ku zauna a sahun gaba, ku gani da idonku kafin ku yanke hukunci.

Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓa takan sauka da asuba, rana na fitowa ta tafi, kaba kuwa tana nan rani da damina. Mu ne kabar. In baƙi sun zo sun yi yini ɗaya sun wuce, abin da zai saura a Kiru shi ne abin da muka koya muka kuma yi da bakinmu. Shi kuwa ɗan'uwanmu na aji ɗaya da ya tambaya wa ya mutu, ya riga ya sa sunansa cikin masu neman a ba su matsayin Yusufu.

Allah ya ba mu ikon cika alkawari. Amin.